Maki Ɗaya Cikin Ɗari Bakwai

Wanda bai taɓa zama a Sudan ba, da wuya ya san nauyin kalmar "nisba" a gidan da ke da ɗalibi a ajin ƙarshe na sakandare. Jarrabawar fita sakandare a nan ana kiranta Shahadar Sudan. Darussa bakwai ake haɗawa: huɗu na dole, wato Larabci, Turanci, addini da lissafi, sai uku na fannin da ɗalibi ya zaɓa. Kowane darasi maki 100 ne, jimla 700, a raba gida bakwai, abin da ya fito shi ne nisba. Ɗalibi zai jera tsangayoyin da yake so, daga wadda ya fi ƙauna zuwa wadda zai karɓa don dole. Ofishin ɗaukar ɗalibai na Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi ya zuba sunayen a kwamfuta, ita kuma ta dinga cike kujerun kowace tsangaya daga mai nisba mafi girma tana gangarowa. Inda kujeru suka ƙare, nan layi ya faɗa.

Idan mai karatu ya yi lissafi zai ga cewa maki ɗaya tak a cikin 700 ɗin nan bai wuce kashi 0.14 na nisba ba. Tsangayar likitanci ta Jami'ar Khartum ta daɗe ba ta karɓar wanda bai haura 90 cikin 100 ba, kuma a saman can ɗalibai a cunkushe suke, ƙafa na taka ƙafa. Saboda haka yakan faru yara biyu su yi karatu iri ɗaya, su yi kwanan zaune iri ɗaya, ɗaya ya shiga, ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa da tazarar tambaya guda. Wanda ya tsaya ɗin sai ya shiga jira: jiran zagaye na biyu, inda ake raba kujerun da suka rage ko waɗanda masu su suka bari. A tsangayoyin da kowa ke rububi, kujera ba ta cika ragowa ba. Gida ya san haka, yaron ma ya sani, amma ba wanda ke iya hana zuciya sa rai. A ƙauyukanmu na Hausawa da Fulani da ke bakin Shuɗin Nilu, daga Mai Wurno zuwa Singa har Damazin, a wannan zaman jiran ne ake tayar da tsohuwar muhawara: shin rabon nan da aka yi, adalci ne?

Mu fara da masu cewa adalci ne, domin hujjarsu ba ƙarama ba ce, kuma mu ne ya kamata mu fi kowa jin ta. Takardar jarrabawa lamba take ɗauke da ita. Mai duba ta bai san ɗan wane gida ba ne, bai ga fuskarsa ba, bai ji yadda harshensa ke karya Larabci ba. A ƙasar da ake neman aiki da wanda ka sani, ake samun fili da wanda ya tsaya maka, nisba na cikin 'yan abubuwan da alfarma ba ta cika taɓawa ba. Bahaushen Sudan, wanda ya saba a kira shi Fallata ko Takruri da murya mai ɗauke da raini, ya san amfanin alƙalin da ba ya gani. Da za a soke maki a ce a zauna a yi hira da kowane ɗalibi a duba "halinsa" da "natsuwarsa", kowa ya san 'ya'yan wa za su fito da halin da ake so. Duk wanda zai soki nisba, to ya fara tanadar abin da ya fi ta tsare marar gata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai dai tsare mutum daga son zuciyar mai dubawa abu ne guda, auna shi daidai kuma wani abu ne dabam. Mutanen Jazira ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, ruwan noman Jazira yana fitowa ne daga babbar magudana, ya shiga matsakaita, ya gangara cikin ƙaramar da ake kira Abu Ishrin, wadda ke shayar da jerin gonaki masu faɗin faddan 90. Kowane manomi ya san bambancin hawashar da ke bakin magudana da wadda ke wutsiya. Ta bakin takan sha ta ƙoshi. Ta wutsiya sai abin da ya rage bayan laka da ciyawa sun toshe hanya. Ranar awo, ma'auni ba ya ƙarya: buhu goma buhu goma ne, shida kuma shida ne. Amma wanda ya dubi buhunan ya ce mai goma ya fi mai shida iya noma, bai faɗi abin da ma'auni ya faɗa ba, ƙari ya yi daga aljihunsa. Ma'auni ya auna amfanin gona, bai auna ruwan da kowace gona ta samu ba.

Haka nisba take. Yarinyar da ta tashi a gidan da Hausa ake yi, ta fara jin Larabcin littafi ranar da ta shiga aji ɗaya, a makarantar da malamin kimiyya ɗaya ke ɗauke da darussa uku, ba ɗakin gwaji, ba lantarkin da za a dogara da shi, ta dawo ta ɗebo ruwa ta yi girki, idan ta fito da 85, ta yi tafiyar da mai 92 a makarantar kuɗi ta Khartum, da malamai masu zuwa gida, bai taɓa yin irinta ba. Abin ya fi tsanani a kambo, wato unguwannin 'yan ƙwadago da ke gefen gonakin Jazira. Kakannin da yawa daga cikinmu da hannunsu aka tsinci audugar wannan aiki, wasu a kan hanyarsu ta zuwa Makka suka tsaya neman guzuri har zama ya kama su. Mafi yawansu ba su mallaki hawasha ba, kuma kambo da dama har yau makaranta sai an taka zuwa ƙauyen masu gona. A shekarun da suka gabaci yaƙi, idan aka zauna a talabijin ana karanta sunayen ɗaliban da suka fi kowa nisba a ƙasa, jihar Khartum ce ke kwashe kaso mafi tsoka. Ba mai hankalin da zai ce Allah ya tara kaifin ƙwaƙwalwa ne a mahaɗar koguna biyu ya hana sauran ƙasa. Ruwa ne ya fi isa can.

Akwai ma wata ƙofa kafin ƙofar jami'a, wadda masu muhawarar maki ba su cika tunawa da ita ba: takardar zama ɗan ƙasa. Dokar 1957 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda ya yi shahada a Burmi a 1903, sun sauka bakin Shuɗin Nilu ne wajen 1906. Da 'yan shekaru tara kacal doka ta bar su a waje. Daga baya an sassauta ranar zuwa 1924, dokar 1994 kuma ta mayar da ita 1 ga Janairu 1956. To amma abin da ke rubuce daban, abin da ke faruwa a gaban teburin jami'i daban. Mai suna irin namu an daɗe ana tambayarsa shaidun da ba a tambayar wani. Yaron da lambar ɗan ƙasa ta yi masa wuyar samu, ba a jerin jira yake ba, jerin ma bai san da shi ba. Duk lissafin adalcin da ya fara daga waɗanda suka zauna jarrabawa, ya riga ya zubar da wasu kafin ya fara ƙirga.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya fito da wannan fili yadda makaho ma zai shafa. Ɗaliban da ya kamata su zauna Shahada a shekarar ba su zauna ba sai ƙarshen Disamba 2024. A tsakanin nan Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023, Singa ta bi baya a ƙarshen Yuni 2024, sojoji ba su karɓo ta ba sai Nuwamba. Makarantu sun zama masaukin 'yan gudun hijira. Wani ɗalibi ya yi watannin nan a Alƙahira ko Riyad yana bitar darasi da intanet, wani ya yi su a ƙarƙashin tanti yana bin layin abinci, wasu kuma a Darfur ba su samu zaman jarrabawar ba sam. Takarda ɗaya aka raba wa waɗanda suka samu zama, ma'auni ɗaya aka auna su da shi. Wa zai kalli wannan sakamakon ya ce tsantsar ƙoƙari ne ya jera su?

Hukuma ma ta daɗe da yarda cewa nisba kaɗai ba ta isa ba. Shi ya sa a Sudan akwai kujerun da jami'ar jiha ke ware wa 'ya'yan jiharta, akwai kuma waɗanda ake ware wa jihohin da aka bari a baya, irin su Darfur, Kudancin Kordofan da Shuɗin Nilu, a shiga da nisbar da ba ta kai ta gama-gari ba. 'Yan uwanmu na Najeriya sun san irin wannan: a jami'o'in tarayya an tsara kashi 45 don tsantsar maki, 35 don yankin da jami'a take, 20 don jihohin da ke baya a ilimi. Ana kare wannan da hujja biyu. Ta farko ramuwa ce: wanda aka hana ruwa, a rage masa yawan buhunan da ake nema a wajensa. Ta biyu ta fi ƙarfi a ganina, domin tana tambayar abin da aka gina tsangayar likitanci dominsa tun farko. Kujerar nan ba lambar yabo ba ce da ake rataya wa wanda ya ci tsere. Dukiyar jama'a ce aka zuba don a samar da wanda zai duba mai naƙuda a Dindir, ya yi maganin zazzaɓi a ƙauyen da mota ba ta shiga da damina. Sudan ta yaye dubban likitoci da yanzu ke aiki a Saudiyya, Ingila da Ayalan. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2010, ta ce ɗaya daga cikin hanyoyin samar wa karkara likita shi ne a ɗauki ɗaliban da a karkara suka tashi, domin su suka fi komawa. Jami'ar Jazira da aka kafa a Wad Madani a 1975 ta yi suna ne da tura ɗaliban likitanci cikin ƙauyuka tun suna karatu. Idan buƙatar ƙasa likitan da zai zauna ne, to inda ɗalibi ya fito yana cikin cancantarsa.

Masu cewa kada a damƙa ran mutane a hannun mai ƙaramin maki suna da gaskiya har zuwa wani wuri. Dole a sami ƙasan da ba a sauka daga gare shi. Amma tsakanin 88 da 92 ba a nan ake rabuwa tsakanin likita mai kashewa da mai warkarwa ba. Jarrabawar da ke fitar da likita ɗaya ce ga kowa, kuma a nan ne bai kamata a yi wa kowa rangwame ba.

Duk da haka kason jiha yana da raunuka biyu da bai dace a rufe su ba. Na farko, wani ne ke biyan kuɗinsa. Yaron da ya ci 91 aka bar shi, aka ɗauki mai 87, bai toshe wa kowa magudana ba. Yana iya zama ɗan talaka ne a Umdurman wanda uwarsa ke sayar da shayi a bakin titi. A ce masa ya yi haƙuri don gyaran tarihi, magana ce mai sauƙi a bakin wanda ba ɗansa ba ne. Abin da ya kamace shi shi ne a yarda an ɗora masa kaya, a kuma tabbata kayan sun isa inda aka ce za a kai su. A nan rauni na biyu ke shigowa: jiha babban mudu ne. A cikin jihar da ke baya akwai ɗan kwamishina da ya yi karatu a makaranta mafi kyau ta babban birnin jihar, akwai ɗan masunci. Idan aka ware kujera da sunan jiha, ɗan kwamishina ne zai fara kai hannu. A cikin jihar da ake ganin ta ci gaba kuma, kamar Jazira, akwai ɗan kambo da ba kason da ya san da zamansa. Sannan duk rabon da aka jingina da "ɗan asalin wuri" yana tayar da tambayar da mu muka san zafinta. A Yulin 2022, a jihar Shuɗin Nilu, gardama a kan ko Hausawa na da haƙƙin samun sarautar gargajiya tasu ta rikiɗe ta zama zubar da jini, dubban mutane suka gudo har Sinnar. Wanda aka ce ba ɗan ƙasa ba ne a rabon fili, ba a raba shi da fargabar a faɗa masa haka a rabon kujera. Gyaran da nake gani shi ne a daina tambayar kakan ɗalibi, a tambayi makarantarsa da gidansa: malamai nawa ne a inda ya yi karatu, yara nawa makarantar ta taɓa kaiwa jami'a, me iyayensa ke samu. Waɗannan abubuwa ne da ake iya ƙirgawa, kuma su ne ainihin ruwan da ake magana.

Akwai hanya ta uku ta shiga da ƙaramar nisba, kuma abin mamaki ita ce aka fi yi wa shiru. Bayan abin da gwamnati ta kira juyin ilimi mai zurfi a 1990, an buɗe jami'o'i a jihohi da yawa, har da tamu ta Sinnar, ɗalibai suka ninka, kuɗin gwamnati bai ninka ba. Sai jami'o'in gwamnati suka fara ware kujeru ga mai biya daga aljihunsa, a karɓe shi da nisbar da ta gaza ta gama-gari. Akwai kuma sauƙin da ake yi wa 'ya'yan ma'aikatan jami'a. Masu kare tsarin suna cewa da kuɗin nan ake biyan malamai, ake sayen kayan gwaji, har ɗan talakan da ya shiga kyauta yana cin moriyarsa. Ban musa ba. Amma a dubi abin da ake faɗa wa mai jira. An ce masa maki ɗaya ya hana shi, domin maki shi ne gaskiya. Sai ga wani da ya gaza shi da maki ashirin ko talatin cikin 700 ɗin yana zaune a ajin, saboda mahaifinsa na aiki a ƙasashen Larabawa. Ɗan kason jiha an sassauta masa don ruwa bai isa gonarsa ba. Wannan kuwa an sassauta masa ne alhali gonarsa ce a bakin magudana. Duk da haka idan ka saurari ƙorafin masu jira, ɗan kason jiha suka fi ambata, domin shi ne kusa, shi ne ake iya rainawa. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Amurka jerin jira abu ne da jami'a ke aiko wa ɗalibi a rubuce: ba mu ɗauke ka ba, ba mu kore ka ba, zauna tukuna mu ga ko waɗanda muka zaɓa za su zo. Jami'ar Harvard ta ɗauki ƙasa da 4 cikin 100 na masu nema a 2023. A watan Yuni na shekarar Kotun Ƙolin ƙasar ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, amma hukuncin bai taɓa fifikon da ake ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da na masu ba jami'a kyauta ba. A shekarar dai wasu masana tattalin arziki, Raj Chetty da abokan aikinsa, suka nuna cewa ɗan gidan da ke cikin kashi ɗaya mafi arziki ya ninka ɗan matsakaicin gida damar shiga irin waɗannan jami'o'i, ko da makinsu ɗaya. Sun kuma bi sawun waɗanda aka ɗauka daga jerin jira da waɗanda aka bari a kansa. Dalilin da ya sa suka zaɓi jerin jira shi ne abin lura: mutanen da ke kansa sun yi kusa da juna ƙwarai, har abin da ke raba su ya fi kama da sa'a. Sun samu cewa wanda aka ɗauka ya fi kaiwa ga manyan muƙamai na can ƙoli, amma a matsakaicin abin da suke samu a rayuwa tazarar ba ta da yawa.

Idan haka ne, me ya hana a faɗi gaskiya game da waɗanda ke daf da layi? Maki ɗaya cikin 700 yana iya zama zazzaɓin dare ɗaya, ko gajiyar mai duba takarda bayan la'asar. Fikihunmu ya san abin yi idan haƙƙoƙi suka yi daidai kuma abin rabo ba ya rabuwa: ƙuri'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Alƙur'ani ya ba da labarin ƙuri'ar da aka yi a kan wanda zai riƙi Nana Maryam. Ƙasar Holan ta shafe shekaru tun daga 1970 da wani abu har zuwa 2017 tana raba kujerun likitanci da ƙuri'a wadda mai maki mai yawa ya fi samun dama a cikinta. Na san da wuya mutanenmu su karɓi wannan, domin uba ya fi so a ce ɗansa ya ci da a ce ƙuri'a ta faɗo kansa. Amma ko ba a yi ƙuri'ar ba, sanin cewa a bakin layi kusan ita ake yi yana da amfani: yana rage wa wanda ya shiga girman kai, ya rage wa wanda aka bari ganin kansa a matsayin wanda ya gaza.

Kada kuma a ɗauka duk wanda ya saɓa mana a wannan muhawara azzalumi ne. Sayyidina Abubakar ya raba dukiyar baitulmali daidai wa daida tsakanin Musulmi. Sayyidina Umar da ya zo ya kafa diwani, ya fifita waɗanda suka riga shiga Musulunci da makusantan Annabi. Dukansu adalai ne, kuma sun saɓa a kan ainihin tambayar da muke yi: a raba daidai, ko a duba abin da kowa ya gabatar? Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya bayyana ƙa'idarsa a fili, bai kuma karkatar da ita don gidansa ba. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da mai jira ke bin hukuma. A faɗa masa kujeru nawa ne a tsangaya, nawa na gama-gari, nawa na jiha, nawa na kuɗi, da nisbar da kowane kaso ya tsaya a kai. A faɗa masa shi na nawa ne a layi. A sa masa ranar da jira zai ƙare. Mai kuɗi yana iya jira, domin yana da wata ƙofar a buɗe. Talaka kuwa kowane mako na jira yana cin wani abu: damar karɓar wata tsangaya, shawarar sake zaman jarrabawa, ga 'ya mace kuma sau da yawa maganar aure ce ke shigowa ta rufe zancen gaba ɗaya. Barin mutum yana jiran gawon shanu alhali an san ba kujera, zalunci ne ko da an bi kowace ƙa'ida.

Saura maganar rabo, wadda ita ce ke rufe kowace irin wannan hira a wajenmu. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, in ji mu, kuma gaskiya ne. Imani da ƙaddara shi ke hana yaro ya karye, shi ke ba uwa bakin lallashi. Amma kalmar tana da wurin da ta dace. A bakin wanda aka hana, haƙuri ce da tawakkali. A bakin mai rabo, wanda ya ja layin da hannunsa, ya ware kujerun sayarwa, ya bar makarantar kambo ba malami, mafaka ce ta gudun tambaya. Ba a taɓa karɓar "haka Allah ya so" daga mai awon da ya tauye mudu ba.

Don haka wanda ya shiga, ya shiga da godiya, ya tuna cewa a bayansa akwai ɗaruruwan da za su iya zama a kujerar nan su yi abin da zai yi, kuma da harajin iyayensu ake karantar da shi. Bashin da ke kansa ba a biyan sa da hoton rigar kammala karatu, sai da shekarun aiki a inda ake buƙatarsa. Wanda ke jira kuma, yana da haƙƙin jin zafi, yana da haƙƙin tambaya, amma ya kai tambayar inda ta dace, kada ya sauke ta a kan ɗan uwansa da ya fito daga wutsiyar magudana. Kada kuma ya bar lamba ta gaya masa ko shi wane ne. Layin nan yawan kujeru ne ya ja shi: da an ƙara kujera goma, da ya sauka, waɗanda ake kira sun gaza jiya su zama sun cancanta yau, alhali ba harafi ɗaya da ya ƙaru a kansu.

Mu kuma iyaye da masu faɗa a ji na ƙauyukan nan, muhawarar da muke yi sau ɗaya a shekara a bakin ƙofar jami'a ta makara da shekara goma sha biyu. Wurinta shi ne ranar da aka ce malamin lissafi ya bar makarantar gari ba a kawo wani ba, ranar da aka cire yarinya daga aji shida, ranar da yaro ya kai shekara goma ba shi da takardar haihuwa. A waɗannan ranaku ake yanke wa yawancin 'ya'yanmu hukunci, kuma a cikinsu akwai waɗanda gyaransu ke hannunmu tun kafin hukuma ta waiwayo. Allah ya ba masu jira mafita, ya ba masu rabo tsoronsa.